Ni ma sunana yana cikin kashfi

Ni Bahaushiya ce haifaffiyar Wad Madani, Babana ma nan aka haife shi, kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, ya iso Gezira guzuri ya ƙare, ya tsaya cirar auduga yana cewa baɗi zai wuce, baɗi zai wuce, har Allah ya karɓi abinsa bai ga Bahar Maliya ba. Dangin Inna kuma 'yan Maiwurno ne, garin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Nil Azrag kudu da Sinnar, bayan yaƙin Burmi na 1903. Na fara da wannan ne dan duk abinda zan faɗa a gaba ku san a garinmu ya same ni, ba a baƙunta ba.

Wanda bai yi makaranta a Sudan ba bazai gane girman fatur ba. Mu da safe shayi kawai ake sha, in da hali da madara, in babu baƙinsa, sai wajen ƙarfe goma a buga ƙararrawa a fita fusha, nan ne ake karin kumallo na gaske, shi ne fatur. Kowace yarinya ko ta zo da sanwicinta daga gida a naɗe cikin takarda, ko ta zo da kuɗi ta saya wajen khala mai fatur dake zama ƙarƙashin darbejiya da tukunyar ful ɗinta, wato dafaffen wake, ful da man riɗi da shatta, ko ta'amiyya mai zafi, wato ƙosan Larabawa. Lokacin da nake aji shida na makarantar asas, firamarenmu kenan, a 2008, an riga an canza kuɗi daga dinari zuwa sabon jine tun 2007, amma bakin mutane bai canza ba, rabin jine har lokacin ɗari biyar muke ce masa. Toh wannan ɗari biyar ɗin ita ce bamu da ita.

Baba masunci ne, yana da ɗan kwale-kwalensa da komarsa, mutum ne da bai taɓa kwana da bashin kowa ba. Tsargiya ce ta kwantar da shi, irin wadda ake ɗauka a ruwan magudanan Gezira, ta daɗe a jikinsa bai kula ba har ta taɓa hanta da saifa, cikinsa ya kumbura ƙafafu suka kankance. Aka sayar da koma, aka sayar da kwale-kwalen, gida ya koma kan tiren gyaɗar Inna. Ita ke soyawa cikin yashi da daddare, mu ƙulla, da yamma in ɗauka in zaga. Larabawa ma ful hajjat suke ce mata, gyaɗar hajiyoyi, dan sun san iyayenmu mata aka sani da ita.

Kafin a kawo maganar abincin kyauta ni na iya zama da yunwata, wallahi na ƙware. Litinin da Alhamis in ce ina azumi, har yabona ake. Sauran kwanakin in zauna a aji kamar ina ƙarasa aikin lissafi, in kowa ya watse in je randa in ɗura ruwa kofi biyu uku har sai naji cikina yana ƙugi in na motsa. Wata rana kuma in samu guntun burodin jiya, in naɗe shi a takarda in ɗiga mata ɗan mai a waje dan a zata ta'amiyya ce a ciki, in juya baya in ci. Kuma fa 'yan Sudan ba marowata bane, kowa ya sani, ba'a cin abu a gabanka ba'a ce itfaddal, wato bismillah, ba, ƙawayena da sun sani da sun raba nasu biyu. Amma yau ka ci na wannan gobe ka ci na waccan, jibi ai ana jiran naka, shi yasa na gwammace randa.

Ran nan a tabur, wato taron layi na safe, bayan an gama taken ƙasa, shugabar makaranta tace wasu bayin Allah sun ɗau nauyin fatur na marayu da masakin, kullum, kyauta. Aka tafa. Ni ma na tafa, har cikin raina naji daɗi, ban san yadda za'a yi abin ba.

Muna shiga aji wata ustaza ta shigo da littafi da biro tace wadda babanta ya rasu ta ɗaga hannu. Aka ɗaga, ta rubuta. Tace wadda babanta baya aiki. Na sunkuyar da kai ina kallon benci, hannuna na danne shi ƙarƙashin cinya kamar zai tashi da kansa. Sai alfa ɗin ajinmu, wato monita, wadda layinsu ɗaya da inda nake bi da talla, tace ustaza ga wance ma, babanta yana kwance, gyaɗa suke sayarwa. Ban ce da mugunta ta faɗa ba, har yau ina ganin taimako take nufi. Ustaza ta ɗago tace ya bit, gaskiya ne? Nace eh. Tace toh meye na ɓoyewa, talauci ai ba abin kunya bane, ta rubuta sunana. Duk wanda ya taɓa ce min talauci ba abin kunya bane na lura a gaban mutane yake faɗa, da ƙarfi.

Daga ranar ga yadda ake yi. Saura minti biyar a buga ƙararrawa alfa zata miƙe da kashfi, takardar sunayen kenan, ta karanto ɗaya bayan ɗaya har da sunan uba da na kaka yadda ake yi a Sudan, kowa na zaune shiru yana ji, mu tashi mu fita mu ja layi a barandar ofis. Kafin layin ya kai rabi an buga ƙararrawa, makaranta gaba ɗaya ta fito, mu muna tsaye a sama kan baranda kamar kayan gwanjo. Sanwicin kuma a wata shuɗiyar leda yake zuwa, iri ɗaya, ko daga ƙarshen fili aka hango ledar an san ke wace ce. Ba'a yi sati biyu ba aka raɗa mana suna, banat azzaka, 'yan matan zakka.

Bari in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, abincin yana da kyau. Burodi cikakke, ful da yawa, wani lokacin har da ɗan cuku. Ya fi na khala mai fatur ma. Waɗanda suka bada kuɗinsu Allah ya saka musu, ban taɓa riƙe su a zuciya ba. Amma ina cin sa yana tsaya min a wuya. Ranar da tafi kowace muni ita ce ranar da suka zo ganin aikinsu da mai ɗaukar hoto, aka jera mu aka ce kowa ta ɗaga ledarta sama ta yi murmushi, mu haɗa baki muce jazakumullahu khairan, aka ce bamu ɗaga murya ba mu sake. Sau uku muka faɗa. Ban san inda hoton nan ya shiga ba, wani lokaci in ina duba Facebook na ga irin hotunan sai in tsaya ina leƙa fuskokin ko zan ga tawa.

Sannan ga wani abu a kai. Fiye da rabin waɗanda ke layin namu ne, Hausawa da sauran waɗanda ake haɗa mu a ce Fallata, 'ya'yan masu cirar auduga da masunta da masu talla. Shekarar ce kuma wata jarida ta buga maganar da aka ce shugaban ƙasa Bashir ya faɗa, wai Hausawa ba 'yan ƙasa bane, shi dai ya musanta daga baya amma kafin nan mutanenmu sun fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwa. Manya suna maganar a gidajensu, yara suna kwasowa su kawo makaranta. Wata yarinya da muke zama benci ɗaya tun aji uku ta kalli ledata tace ku ba ma 'yan ƙasa ba kuma kuna cinye zakkar ƙasa. Tana faɗa tana dariya, ta ci gaba da tsotsar alawarta. Ni ko a ranar sanwicin a bayan banɗaki na ajiye wa kuliyoyi, da yunwata na koma gida.

Ƙanina ne ya kai wa Baba labari, shi murna yake, wai Yaya ana bata burodi kyauta a makaranta. Baba yana kwance kan angareb ɗinsa, gadon igiya, a tsakar gida ya kira ni, uwata zo nan, dan sunan mahaifiyarsa gare ni. Yace da gaske ne a layin marayu kike tsayawa? Nace Baba ba marayu kaɗai bane. Yace da sunana ake kira? Nace eh. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan yace ashe har an binne ni ban sani ba. Shi mutum ne da ko wa ya tambaye shi ya gida, ko da ba'a ɗora tukunya ba ranar, amsarsa ɗaya ce, mastura walhamdulillah, asiri a rufe. Duk abinda ya rage masa a duniya kenan, rufin asirin nan, kuma ga shi kullum ƙarfe goma saura ana karanta sunansa da na ubansa a gaban yara hamsin. Yace kar in sake karɓa.

Inna bata ce uffan ba a gabansa. Da daddare muna ƙullin gyaɗa tace min a hankali, ki karɓa ki sa a jaka, kar ki ci a can in bakya so, ki kawo min. Haka nake yi. Sai ta yayyaga burodin a kwano ta zuba ruwan zafi da ɗan gishiri da albasa ya zama kamar bosh, ta raba mana, ta ɗebi na farko ta kai wa Baba dan maganinsa baya shiga ciki wayam. Tace Malam ga ɗan abu ka taɓa. Ya karɓa ya ci yace Allah ya yi albarka. Bai taɓa tambayar inda aka samo ful a gidan da babu kuɗin ful ba. Ina yarinya na ɗauka mun yi masa wayo, sai da na girma na gane mutumin da ya san nauyin kifi tun yana cikin ruwa ba'a yi masa irin wannan wayon.

Duk da haka akwai lokacin da na gaza. Na yi kusan sati uku ina fita da kayan makaranta, in ɓoye jakar gidan gwaggona, in ɗau tire in tafi tashar mota. A tasha kowa ya san ni mai talla ce kuma ban ji komai ba, dan a can in an miƙo min kuɗi ni ma ina miƙa wani abu. Can malamar lissafinmu ta gan ni, wata doguwar mata 'yar wajen Dongola da bata cika dariya ba, duk muna tsoronta. Na so in gudu ƙafata taƙi. Ta sayi ƙulli biyu ta biya daidai kuɗinsu, bata ƙara min ko sisi ba, wannan kaɗai ya sa na ƙaunace ta. Tace gobe akwai kasur, wato lissafin ɓangare, in baki zo ba wa zai amsa min. Ta wuce.

Da na koma sai na tarar ta karɓe fatur ɗin ajinmu a hannunta. Ita ke zuwa ofis da kwandonta ta kwaso namu ta cire ledojin tun a can, ta zo da wata babbar tasa daga gidanta, tace daga yau ajin nan bosh muke ci, kowa ta kawo abinda ta zo da shi. Mai ful ta juye, mai ta'amiyya ta marmasa, mai ƙwai ta sa, namu ma ya shige ciki, a yayyaga burodi a cakuɗa da man riɗi, mu zagaye rukuni-rukuni ita ma ta naɗe tobinta ta sa hannu. Ba mai sanin lomar wa take ci. Ni har gyaɗa nake kawowa a daka a zuba, ana cewa ina ta wance, yau babu? Karo na farko da aka nemi abu a wajena a makarantar nan.

Bai ɗore ba fa, kar ku ɗauka labarin ya yi daɗi daga nan. Wasu iyaye suka yi ƙorafi wai suna sa wa 'ya'yansu ƙwai da cuku ana haɗawa da na kowa da kowa, sauran azuzuwa kuma dama ba'a canza komai ba, layin baranda yana nan. Shekara na zagayowa aka yi mata canjin makaranta, tasa ta tafi da mai ita, alfa ta dawo da kashfinta. Baba ya rasu ina aji takwas. Bayan kwanakin zaman makoki na koma, ustazar da ta fara rubuta sunana ta yi min ta'aziyya da hawayenta da gaske, sannan tace yanzu kam ba mai cewa komai, haƙƙinki ne. Na rasa me zan ce mata, nace na gode.

Na gama asas, na yi sakandare, jami'a bata samu ba, na yi aure, na samu aikin koyarwa a wata rauda ta ƙananan yara. A Disamba 2018 da burodi ya tashi daga jine ɗaya zuwa uku aka ce 'yan makaranta ne suka fara fitowa titi a Atbara, mutane suna mamaki wai yara, ni ban yi mamaki ba ko kaɗan, duk wanda ya taɓa jin ƙararrawar fusha ba komai a jakarsa bazai yi ba.

Sai yaƙi. Ya fara a Khartoum 15 ga Afrilu 2023, mu a Madani muna karɓar waɗanda suka gudo, muna cewa Allah sarki, ashe namu na tafe. Disamba 'yan Da'am Sari, wato dakarun RSF dake yaƙi da sojoji, suka shigo garin, muka fita da abinda hannu zai iya ɗauka, ni da Inna da yarana uku, maigidan ya biyo baya. Muka sauka Maiwurno wajen dangi, muka yi wata shida, ƙarshen Yuni 2024 'yan Da'am Sari suka shiga Sinja kusa da mu muka sake ɗaukar ƙafa cikin damina, ta laka da ruwa har Gadarif. Wannan tafiyar ba yau zan bada labarinta ba. A Gadarif wata makaranta aka sauke mu, aji guda iyali huɗu, an raba da zannuwa, allo yana nan da rubutun ƙarshe da aka yi a kai ba wanda ya goge.

A harabar makarantar aka kafa takiyya, girkin taron da ake yi da kuɗin da 'yan uwa na waje suke turowa ta manhajar banki ta Bankak da abinda mutanen unguwa suka haɗa, yau adas gobe balila jibi ful in an samu. Kowa yana layi da kwanonsa, malamin jami'a, mai shagon zinari, matar da a Madani direba ke kai ta kasuwa. Tunda na iya rubutu kuma ina jin Hausa da Larabci sai aka ce ni zan riƙe littafi. Abinci baya isa, wasu suna zagayowa sau biyu, wasu daga unguwa suke shigowa, masu turo kuɗi kuma suna son a nuna musu adadi da hoto dan su ma su nuna wa waɗanda suka basu. Sai muka ce a rubuta kowane gida da yawan bakinsa, a riƙa kira. Ni na kawo shawarar ma. Na tsaya kan baranda, wallahi baranda, da littafi a hannu ina ɗaga murya, gidan wane ɗan wane, mutum bakwai, ludayi uku. Kwana tara ina yi banji komai ba, har ina jin daɗin yadda layi ya daidaita.

Akwai wata yarinya 'yar Sinja, bata wuce sha biyu ba, ita ke zuwa karɓar na gidansu da wata kula mai murfi da take naɗewa cikin ɗankwali. Babanta yana nan da ransa a ajin ƙarshe, baya fitowa sai dare. Rana ta goma na kira sunan gidan shiru, na sake kira da ƙarfi har da sunan kakan, shiru, na sa alama na wuce. Washegari ma haka. Inna ce, tana zaune gefe tana tsince adas da idonta da baya gani sosai, tace min ba tare da ta ɗago ba, uwar masu gida, muryarki fa har bakin titi ake ji. Iyakar abinda ta faɗa kenan. Sai da ludayin hannun mai rabo ya koma min biyu, na zauna a ƙasa.

Da la'asar na je ajin nasu na yi sallama daga bakin zane. Uwar ta fito tana ta bani haƙuri kamar ita ta yi laifi, wai yarinyar ce ba lafiya. Na hango ta ta bayan zanen lafiyarta ƙalau tana wanke ƙaninta. Nace ya kuke, ya zama? Daga ciki naji muryar namiji yace mastura walhamdulillah.

Littafin ban iya yarwa ba, in babu shi kuɗi bazai zo ba, wannan ita ce gaskiyar. Abinda na iya shi ne na haddace gidajen, sama da sittin, na daina kira, in na ga fuska in ɗaga wa mai rabo yatsu, in cike littafin da daddare da fitilar waya. An yi ta rigima da ni dan layi ya koma cakuɗewa kuma sau biyu lissafina ya ɓace aka rasa na gida ɗaya, sai namu na bayar. Masu hoto kuma nace su ɗau tukwane da hannaye, wani ya ji wani bai ji ba. Yarinyar bata dawo layi ba duk da haka. Sai in ɗebi nasu in rufe in ajiye bayan randuna wajen tagar ofis, bayan kowa ya watse ta zo ta juye a kularta ta naɗe, ni kuma lokacin in sami abin yi, in juya baya ina kankare tukunya har sai naji tafiyarta ta yi nisa.

Haka muka yi har sojoji suka karɓe Sinja a Nuwamba, iyalin yarinyar suka tattara suka koma tun kafin mu a karɓe namu garin a Janairu 2025. Da asuba motarsu ta tashi, ban ma sani ba. Da rana na ɗebi nasu kamar kullum na kai bayan randuna, sai na tarar da kwanon jiya a wanke an kife, da dabino guda biyar a ƙarƙashinsa.